Hantar da Baba yake aiko min

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Waccan," haka yake ce min, ko da ina tsaye a gabansa. Mahauci ne a kasuwar Bagwai, fuskarsa kullum a murtuke, sai ka ce an ci masa bashi.

Na samu cikin fari a shekarar da gero ya yi tsada har mutane suka koma tuwon garin rogo. Nama kuwa sai dai a ji ƙamshinsa a gidan wani. Inna ce ta tsegunta masa zancen cikin. Daga ranar, duk akuyar da ya yanka, sai Inna ta tako har ƙauyen mijina da hanta a ƙunshe cikin takardar siminti.

"Wai a ba waccan, ta ƙara jini."

Kai, na ci hanta! Soyayya, gasassa, har a miyar kuka. Ga wasu jajayen ƙwayoyi da ya sayo a kemis, wai na ƙarin ƙarfi.

Ranar awo na zauna ina yi wa malamar asibiti alfahari. Ta karɓi kwalbar ƙwayoyin ta juya, fuskarta ta canja. Ta ce sinadarin bitamin A ne, hanta ma cike take da shi, kuma in ya yi yawa a farkon ciki yana iya taɓa halittar jariri: leɓe, kunne, har zuciya. In daina duka biyun daga yau, in ci wake da zogale.

Na dawo gida. Ina tsoron abin da ke cikina, ina kuma tausayin Baba. Mutumin da bai da bakin yi min magana sai wannan ƙunshin, ta yaya za a ce masa ƙunshin ne cuta?

Inna ta faɗa masa. Ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Har na dawo gida goyon ciki, in na fito tsakar gida sai ya zari buta ya fice.

Da na haihu, ungozoma na gama wanka, sai muka ji gyaran murya a bakin ƙofa. Baba ne! Shi da kunya ba ta barinsa ko leƙa ɗakin. Ya miƙa hannu aka ba shi yaron. Ya ɗaga leɓensa, ya juya kunnuwansa, ya shafa ƙirjinsa, kamar yadda yake duba rago kafin ya taya. Inna tana ta salati tana dariya.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago, idanunsa jajawur, ya dube ni ido cikin ido.

"'Yata," ya ce, "ban cuce ki ba ko?"