Minsharin Khalil a Motar Mata

Da aka fara Shari'a a Zamfara, Armiya'u direba ya koma jan motar mata tsakanin Ƙaura da Kasuwar Daji, ya cire kaset ɗin kiɗa. Shirun nan ne ya sa ya lura da Khalil, goyon Lubabatu mai daddawa. Yaron yakan yi minshari, numfashinsa ya ɗauke, sai ya zabura.

"Gado ne, haka ubansa yake," in ji Lubabatu, da Armiya'u ya yi mata magana.

"Shi ma numfashinsa na tsayawa, Hajiya?"

Bai bar ta ta huta ba sai da asibiti suka cire naman da ya toshe wa yaron maƙogwaro.

Khalil ya koma barci shiru. Armiya'u kuwa yakan rage gudu ya ce, "Duba mini, yana numfashi?"