Ranar Da Lauya Ya Kawo Innarsa Kotu

Ko an kai ni kushewa ba na jin zan manta da shari'ar da aka yi wa maigidana, Allah ya jiƙansa, zamanin Shagari. Ina faɗi ana rubutawa, hawaye na zuba, amma abin dariya ne.

An ce ya saci bijimin sa ranar kasuwar Gummi. Mutumin da kurkunu ya kwantar a ɗakinmu a Anka, ko bayan gida sai da sanda! Ni kaɗai ce shaidarsa, don ni nake naɗe masa kurkunun a tsinke. In ba a karɓi maganata ba, gidan yari za shi.

Surukina, mahaifin maigida, ya ɗauko mana lauya daga Sakkwato. Asalinsa ɗan Bukkuyum ne, ɗan manomi. Daga gona aka tsinto shi aka sa shi boko, ya yi tafinta a kotu, ya tafi Zariya karatun lauya, daga baya ya bar aikin gwamnati ya buɗe ofishin kansa, yana kare waɗanda ake tuhuma.

A kotun majistare, alƙalin baƙo ne, sai da tafinta. Tafinta ya ce, "Faɗi sunan mijinki."

Sunan mijina! Ga surukina zaune. Na ja mayafi na ce, "Ai ga ya nan."

"Suna aka ce."

"Maigida."

Sau biyar ana yi. Shi kuwa maigida daga cikin akwatin waɗanda ake tuhuma yana cewa, "Ke, faɗi, na yafe!" Wallahi na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce wannan hayarta aka yi, matar da ba ta san sunan mijinta ba ai ba matarsa ba ce. Haihuwarmu shida a lokacin. Alƙali ya rubuta.

Lauya ya roƙi a ɗaga mako guda. Ranar komawa sai ga shi da wata tsohuwa a motarsa, an ɗauko ta tana tsakar sussukar gero, da ƙaiƙayi a ɗankwalinta. Ya gyara baƙar kwat ɗinsa ya ce, "Inna, wa ya haife ni?"

"Ni, da ikon Allah."

"To gaya wa kotu sunana."

Ashe ɗan farinta ne. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mi kac ce? Don wanga iskanci kat taso ni daga Bukkuyum?"

"Kotu ce ke tambaya, Inna."

"Kotun ba ta da uwa?" Ta tuɓe takalminta, ta bi shi da shi har bayan teburin alƙali. Tafinta na fassarawa yana riƙe ciki.

Lauya ya leƙo yana haki ya ce, "Ranka ya daɗe, in waccan ba matarsa ba ce, to ni ma ba ni da uwa."

Alƙali ya soke abin da ya rubuta. Ya ji shaidata, ya duba miki a ƙafar maigida, ya sallame shi. Muka ƙara shekara ashirin da huɗu tare, kafin Allah ya karɓi abinsa ya bar ni.

Abin da na koya, in za ka ba mutum wuyanka ya kare, nemi wanda karatu bai mantar da shi gidansu ba. Littattafan lauyan nan sun kusa cika mota, amma takalmin innarsa ne ya dawo mini da mijina.