Kan Burtun Kawu

Jiya na ga burtu yana kiwo a bakin gonata, sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Noma ne sana'arsa a Kucheri, amma da rani sai ya zauna gindin tsamiya yana sassaƙa kan burtu don sha'awa. Yakan lulluɓe icen da baƙar fatar akuya, ya manna jajayen 'ya'yan idon zakara da ƙaro. Har yau ina jin warin jimar nan.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, rumbunmu ya ƙare, matata kuma tana da tsohon ciki. Kawu ya ɗaura mini kan burtu a goshi, ya yafa mini baƙin zane, ya ɗauki baka da kwarinsa, muka shiga daji farauta wajen Tsafe.

Ya ce, "In ka sa kan burtu, yi tafiyar burtu. Gaggawa ta mutum ce."

Muka hango barewa. Ina rarrafe, ƙaya ta shige gwiwata, na zabura. Barewar ta ɗaga kai, ta kafe ni da ido. In ta gudu, ba abin da za mu kai gida.

Kawu ya raɗa daga bayana, "Caki ƙasa, ɗana."

Na sunkuyar da bakin icen, na caka, na sake cakawa. Da ta mai da kai ga ciyawa, Kawu ya saki kibiya, barewar ta faɗi. Naman nan matata ta ci har ta haihu lafiya.

Allah Ya kai haske kabarin Kawu, Ya ciyar da shi abincin Aljanna.