Shayin Clarrie

Ƙarfe goma na bugawa, maginin da ke aiki a tsallaken ofishinmu a garin Geelong yake ajiye cokalin gini, ko da bulo a hannunsa. Dattijo ne, rana ta gasa masa ƙeya ta yi jawur, ga gajeren wando duk ƙurar siminti. Ya kifa bokiti ya zauna, ya cire takalmin hagu kawai, ya tsiyaya shayi daga fulas. Smoko ake kiran wannan hutu na minti ashirin, wato na shan taba, tun zamanin masu askin tumaki. Shi ko ashana ban taɓa gani a hannunsa ba.

Yau motar kankare ta iso ana tsakiyar hutun, direba yana ta danna hon.

"Clarrie, tsohon kawai, kankaren nan zai daskare fa."

"Shayina ma zai huce, abokina. Wa ya fi wani?"

Direban ya bar tulun motar yana juyawa, ya sauko ya karɓi kofi.

Haushi ya kama ni. Na tabbata Clarrie bai taɓa kai aiki gida ba, barcinsa yake sha kamar jariri. Ni likita ya ce jinina ya hau, dole in riƙa hutawa, har na sa waya ta riƙa tuna min ƙarfe goma. Ɗazu ta yi ƙara na danne ta, ba ni da lokaci. Minti ashirin ɗin kuwa a tsaye na ƙarar da su bakin taga, ina kallon wani yana hutawa.