Akwatin Malam Audu a Zanen Basira

Shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, a ita Basira ta sauka gidanmu na haya a Darmanawa, da 'yar jakarta da takardar gama sakandare. Ni Uwani tela, ɗakina ne ke kallon na Malam Audu, saboda haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Da farko na ɗauka ƙanwarsa ce. To me zan ɗauka? Yaya take ce masa, shi kuwa ko da wasa ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". In ta shigo tsakar gida ya lalubi takalmansa ya fice. Sai da kakarta ta zo ganin gida daga ƙauyensu na wajen Gaya ta fasa mini ƙwai: ashe 'yarsa ce ta cikinsa, 'yar fari. Tun yaye aka miƙa ta wajen kakanni, har makaranta da sunan kakanta aka rubuta ta, Basira Magaji. Mu ma mun san kunyar ɗan fari, amma irin tasu Malam Audu ta fi ƙarfina. Duk da haka shi ya ɗauke ta ya kai ta wata makarantar kwamfuta a Gyadi-Gyadi, yana tafe a gaba tana biye can nesa kamar ba tare suke ba.

Shi aikinsa a ɗakin kati yake, a asibitin kuɗi na Dakta Ɗahiru da ke Tarauni, tun ranar da aka buɗe asibitin. Da wannan teburin yake ciyar da matarsa Hauwa da yara reras, ba shi da gona a Kano, ba shi da wata sana'a.

Basira yarinya ce mai kai. Da la'asar takan zo ta zauna gefen kekena tana ba ni labarin karatu ko ban tambaya ba. Darasin da ya fi shiga ranta shi ne wanda suke kira sistem analisis. Na ce ta fassara mini da Hausar mutane. Ta ce kafin a rubuta wa kwamfuta manhajar da za ta yi wa wani wuri aiki, sai an je wurin an ga yadda aikin ke tafiya, an tambayi duk mai hannu a ciki, sannan a zana shi a takarda, kowane aiki da akwatinsa, kibiya na nuna inda abu ya fito da inda ya nufa. Na ce ashe awo ne, ai ni ma ba na sa almakashi sai na gwada mai riga. Ta yi dariya ta ce malaminsu kullum abin da yake nanatawa ke nan: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kada ɗalibi ya kuskura ya zana aikin wanda bai tambaya ba.

Da aka zo aikin kammala difloma, aka ce kowa ya nemo wuri na gaske ya nazarta. Malam Audu ne ya roƙar mata Dakta Ɗahiru, ya ce akwai wata yarinya ta gidansu da ke son taimako. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Dakta ya yi murna, don dama a lokacin kowa ɗoki yake ya ga kwamfuta a ofishinsa, har ya yi mata alkawarin in zanen ya yi kyau shi zai ɗauke ta aiki.

Ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna da nas-nas, ta zauna da mai ba da magani, har maigadi sai da ta tsare da tambaya ya gaji ya ce ko 'yar jarida ce. Amma duk ranar da ta doshi ɗakin kati, sai Malam Audu ya tuna zai yi alwala, ko an aike shi. A gida ma haka. Ita kuma kunyar ba ta bar ta ba, ina ita ina tsare mahaifinta tana masa tambayoyi tana rubutawa? Sai ta tsaya ta taga wata safiya tana leƙe, ta ga an faɗi suna, ya zaro kati, ya miƙa. Ta zana masa akwati ɗaya, kibiya ta shiga, kibiya ta fita.

Ni da nake zuwa asibitin saboda hawan jinina na san aikinsa ya wuce haka. Shi ke duba layi ya tsamo wanda jikinsa ya yi tsanani ya shigar da shi gaba. Shi ke yi wa Fulanin da ba su jin Hausa tafinta. In tsohuwa ta zo daga ƙauye ta rikice, shi ke raka ta ƙofa-ƙofa. Amma ba a nuna mini zanen ba, ko an nuna mini ma me zan gane?

Ranar da ta miƙa aikin, Dakta ya yaba, ya ce a sayo kwamfuta. Sannan ya ɗora yatsa a kan akwatin nan guda ya ce wannan kam na'ura za ta yi shi cikin ƙiftawar ido, a ƙarshen wata zai sallami mai ɗakin kati, ita ta zauna a teburin.

Haka ta faɗo ɗakina ko sallama babu. Da na gane abin da take faɗa, wallahi sai da almakashi ya kuɓuce mini. Na yi ta salati. Yarinya ta je neman ilimi ta dawo da takardar korar ubanta, da hannunta ta zana! Raina ya ɓaci, na zage ta tas, na haɗa da uban nata da ba ya nan, na ce wace irin kunya ce wannan da za ta kashe tukunyar gida. Na ja mayafi na ce ta wuce mu tafi.

A ofishin Dakta ni na yi magana. Da na ce Malam Audu mahaifinta ne, sai da mutumin nan ya cire tabarau ya dube mu, ya ce shekara da shekaru yana tare da Audu bai taɓa jin yana da 'ya babba haka ba. Ba mugu ba ne, hakkinsa ba zan ci ba. Ya ce asibitinsa ƙarami ne, teburi ɗaya ba zai ɗauki mutum biyu ba. Amma in har zanen bai cika ba, a faɗa masa yanzu, ya fasa sayen kwamfutar, ya sanar da makaranta aikin da saura. Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan: Basira ta maimaita shekara, aikin da aka yi mata alkawari kuma ya bi ruwa.

Dakta ya aika aka kira Malam Audu. Ya shigo ya ganta, ya kawar da kai ya durƙusa can gefen ƙofa. Dakta ya juya masa takardar ya ce ya faɗi duk abin da yake yi wanda ba a zana ba. Ni har na fara sakin ajiyar zuciya, don na san in ya buɗe baki an gama.

Ya daɗe yana kallon takardar, shi da ko kalma ɗaya ta Turancin da ke jikinta bai iya karantawa ba. Sannan ya ce, "Likita, abin da yarinyar ta zana shi ne aikina. Ba ta bar komai ba."

Na ce Malam Audu ka ji tsoron Allah, layin fa, tafintar fa? Ya ce ai wannan ba aiki ba ne, zaman tare ne. Sai ga Basira ta zube a gabansa, ita da tun da ta iya magana Yaya take ce masa.

"Baba, don girman Allah ka faɗa."

Na ga kafaɗarsa ta motsa kamar an watsa masa ruwan sanyi. Bai dube ta ba. Ya miƙe ya ce wa Dakta shi fa ya baro mutane a layi, ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Ƙarshen wata Malam Audu ya kwashe butarsa da dardumarsa daga ɗakin kati. Basira ta ce ba za ta zauna a kujerar ba ko za a yanka ta, sai da ya aiko Hauwa ta gaya mata in ta ƙi bai yafe ba. Ta zauna. Daga baya ta sake zanen, ta ƙara akwatunan da ta bari, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta yi gaba a wannan fanni, yanzu har koyarwa take, kuma an ce ɗalibin da ya kawo mata zane sai ya faɗa mata sunan mutumin da ke cikin kowane akwati da ranar da suka zauna.

Malam Audu kuwa tebur ya kafa a bakin titin Gyadi-Gyadi, yana sayar da goro da alawa a cikin rana. Na yi watanni ba na gaishe shi don haushi. Wata rana dai na kasa haƙuri, na tsaya a gaban teburin na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah abin da ya sa ya yi wa kansa haka. Ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa, ya zaɓi fari guda ya miƙo mini.

"Uwani," ya ce, "ai yarinyar Magaji ba ta kuskure."