Falle Ukun da Bawa Gyartai Ya Jira

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika, ina tsugune ina zaɓen albasa, sai na ji an dafa kafaɗata. Malam Nomau ne, tsohon maƙwabcina na Birnin Tudu. Muka gaisa har muka tambayi gida da gona da dabbobi, sannan ya ce, "Malam Sahabi, ashe ba ka jiya ba? Bawa Gyartai Allah ya yi mai cikawa. Zazzaɓi na kwana huɗu. Jiya da hantsi anka kai shi."

Na yi salati, na yi masa addu'a kamar yadda kowane Musulmi zai yi. Amma tun da na ɗauki alƙalami don in tuna da shi, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Abin da ya fara zuwa zuciyata bayan salatin shi ne, to, yanzu babu wanda ya fi ni. Tunanin bai daɗe ba, kunya ta kore shi, amma ya zo. Na yi shekaru ina hassadar Bawa, hassada ta gaske, irin wadda ke hana mutum jin daɗin abincinsa. Wasu za su faɗi alherinsa saboda ƙauna. Ni zan faɗa ne a matsayin wanda ya yi ta neman aibinsa bai samu ba.

Bawa ba ɗan Birnin Tudu ba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Maradun ya zo, cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori zai ci garuruwansu. Ya iso da matarsa Tumba, da 'yarsu Hassi, da jaki ɗaya, da basillarsa. Sana'arsa ɗinkin ƙwarya. Ya samu inuwar wata tsamiya a bakin makarantar firamaren da nake koyarwa, ya shimfiɗa buzu, nan ya zama shagonsa. Mace za ta kawo ƙwaryar da ta rabe biyu tana ba da haƙuri, ya juya ta a hannu, ya ce, "Ba ta mutu ba, suma ta yi." In ƙwaryar ta wuce gyara kuma, ba ya yarda a zubar da sakainar, sai ya jefa ta cikin wani buhu da ke bayansa. Muna yi masa dariya, muna cewa Bawa na tara wa Hassi gadon sakaina.

Ni a lokacin ni ne malamin aikin hannu, kuma ina ji da kaina. Kafin zuwansa, duk kaka in samari da 'yan mata za su yi kalankuwa, wurina ake zuwa. Ni ke yi musu huluna na kwali, da takubba, da tabarau na karan dawa. Ina da fenti, ina da almakashi, ina da takardar shaidar kwalejin horon malamai. Bawa ko harafi ɗaya na boko bai sani ba.

Wani littafin labarai ne ya haɗa mu. Na tsince shi a kabad ɗin makaranta, bangonsa ya daɗe da yagewa, har yau ban san sunansa ba. Bayan la'asar nakan zauna a inuwar tsamiyar ina karantawa, wata rana Bawa ya ce, "Malam, ɗaga murya mana, mu ma mu sha." Daga nan ya zama al'ada. Ina karatu yana ɗinki, in labari ya yi daɗi sai ya tsayar da basilla a sama har in wuce wurin. Ba ya manta komai. Zai tuna mini launin rigar wani maharbi da na karanta wata biyu baya.

Da kaka ta zo, sai ga abubuwan da na karanta suna yawo a gari. Ya fere totuwar kara, ya sossoke ta da siraran ɓawon karan, ya yi dokin maharbin har da linzami. Ya yi gemun wani tsohon sarki da gashin masara, ya yi wa 'yar sarkin rawanin kaba wanda ya rina da shuni. Hulunana na kwali suka koma abin da ake ba wanda ya makara. Mutane na cewa, "Kai, Bawa aljani ne." Ba wanda ya ce wa ya karanta masa. Shi kuwa duk wanda ya yabe shi, sai ya nuna ni, ya ce, "Dut daga bakin Malam yah hito, ni hannu kawai ni ara mai." Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai. Da ya yi girman kai, da na samu abin riƙewa.

Labarin da ya fi so shi ne na ƙarshe a littafin. Wata tsohuwar kada ce mai ido ɗaya take tsaron mashigin gulbi, ba ta barin kowa ya ƙetare sai ya faɗi gaskiya ɗaya da yake ɓoyewa. Mun fara shi ne a shekarar da motocin aikin dam suka shiga gonakin garin suna baje ƙasa, aka hana shuka a wurare da yawa. Kakar ta zo babu dawar kirki, kara ma ya yi wuya, wanda ake da shi na danni ne da na dabbobi. Duk da haka samari suka ce sai sun yi kalankuwa, kuma labarin kadar za su nuna. Sarkin samari ya ce ni da Bawa kowa ya yi tasa kadar, wadda ta fi ita za ta shiga gaba.

Na riga na leƙa ƙarshen labarin ni kaɗai. A falle uku na ƙarshe, kadar takan tuɓe fatarta, sai ga wata sarauniya cikin fararen kaya, wadda aka yi wa sihiri. Na san in Bawa ya ji wannan, zai yi abin da ba za a ƙara kallon tawa ba. Saboda haka wata safiya, a cikin aji, kafin yara su shigo, na dafe littafin da rula na yage fallayen nan uku, na kai su ƙasan akwatina.

Da la'asar na karanta har inda takarda ta ƙare, na ce, "Ai kuwa Bawa, sauran babu. Ka ga tsohon littafi, tun tuni ya yage."

Ya ajiye ƙwaryar da ke hannunsa, ya karɓi littafin. Ya bi wurin yagewar da babban yatsansa, a hankali, daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, "To, Malam. Sai mu ƙarasa da namu." Ya roƙi in bar masa littafin don ya riƙa duba zanen kadar. Na bar masa da murna, tun da abin da ke da amfani yana akwatina.

Na yi mako uku a kan tawa. Na samo takardun buhun siminti daga wurin ma'aikatan dam, na yi gindi da kwali, na shafe ta da koren fenti, na yi mata ƙofa a baya yadda mai sanye da ita zai fito cikin farin zane. Ba yabon kai ba, ta yi kyau. Ranar kalankuwa da aka buɗe ta, sarauniya ta fito, hedimasta ya tafa, 'yan makaranta suka tafa. Na tsaya ina jiran Bawa ya zo ya sha kunya, don na san ba shi da kara.

Tun kafin a ga kadar Bawa aka ji ta, tana tafe tana ƙwaram-ƙwaram. Ashe buhun sakainar nan ya zazzage. Ya huda kowace ɗaya, ya ɗinke su jere a kan tsohuwar tabarma, suka zama ɓawon bayan kada tun daga wuya har wutsiya. Idonta ɗaya gindin ludayi ne. Shi da kansa ne a ciki, yana rarrafe. Yawancin sakainar nan kuwa ta ƙoren da suka fashe ne a kan jakuna da amalanke lokacin tashin mutanen Maradun, kuma kowane gari da irin zanensa. Sai wata tsohuwa ta kutsa cikin fili, ta dafa bayan kadar, ta ce, "Wagga ƙwaryar aurena ta! Wallahi ita ta!" Mata suka yi caa a kanta, kowa na neman tata.

Kadar Bawa ba ta zama sarauniya ba. Ta kwanta a tsakiyar fili, duk wanda ya zo wucewa sai murya ta fito daga ciki, ta ce, "Ina garinku? Hwaɗi sunanshi ka wuce." Mutane suka shiga layi suna faɗin sunayen garuruwan da ke ƙarƙashin ruwa, da na gonakin da aka baje. Na ga dattawa masu furfura suna share ido da bakin rawani. Ni kuwa ina gefe, kusa da kadata mai bin littafi daidai, babu mai kallonta sai awaki. Mutane na kuka don garuruwansu, ni abin da ke cina shi ne na ɓoye masa ƙarshen labari, ya ƙago wanda ya fi na littafin.

Bayan wannan aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Talata Mafara, na ji daɗin tafiyar. Ban ƙara neman sa ba. Shi kuwa duk kaka sai ya aiko mini da wani abu ta hannun 'yan kasuwa, wata shekara ƙaramar mota ta kara, wata shekara tabarau mai kyan da na kasa gane yadda ya lanƙwasa shi. Nakan ce a gaishe shi, in ɗora abin a saman kabad inda ba zan riƙa gani ba. Sau biyu na hango shi a kasuwa, na bi ta layin masu gishiri.

Washegarin jin rasuwarsa na tafi gaisuwa. Bayan na zauna da maza a ƙofar gida, aka ce Tumba na son ganina. Na tsaya a bakin zaure, tana daga ciki.

"Ya haƙuri, Tumba?"

"Mun gode Allah, Malam. Ka sha hanya." Ta miƙo wani abu a naɗe cikin tsumma. "Ajiyarka ta. Ya ce ko ba shi da rai a ba ka."

Littafin ne. Ya yi masa bango da fatar akuya, ya ɗinke gindinsa falle-falle da irin ɗinkin da yake yi wa ƙwarya, sirara, a jere. Da na buɗe ƙarshe, sai na ga zare uku a sake, ba a ɗaure su ba, an bar musu tsawo.

Na ce, "Wannan fa? Bai ƙarasa ba ne?"

Ta ce, "Wurin sauran na. Tun ranar da yaz zo da shi gida yac ce min, yagewag ga sabuwa ta, ko kwana ba ta yi ba. Ka san aikinsu, Malam, da yatsa suka gane tsohuwar tsaga da sabuwa. Nic ce to ka tambaye shi mana. Yac ce a'a, kak ki kuskura, Malam na da dalilinai, in ya huce shina kawowa. Dut kaka in ya aika maka da saƙo, sai ya ce wataƙila bana."

Na kasa ɗaga kai. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Ya so ya ji yadda ta ƙare, kadar nan. Ko cikin ciwon ga ya yi zancenta."

Ranar addu'ar bakwai na koma da fallayen uku, sun yi ja saboda daɗewa a akwati. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, na zauna a zauren, Tumba da Hassi suna daga ciki, na faɗa musu abin da na yi da bakina, da rular da na dafe littafin da ita, da dalilina. Sannan na karanta musu ƙarshen labarin da ƙarfi, yadda nake karanta masa. Da na gama, Tumba ta ce, "Shi ke nan? Ai nashi ya hi." Na ce ƙwarai nasa ya fi. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a gaban mutane, kuma ko a lokacin sai da ya yi mini ɗaci. Hassi ta ɗauko basillar ubanta ta ɗinke fallayen a wurin da ya bar musu. Zaren ya isa daidai, ko kaɗan bai rage ba.

Mutane za su tuna Bawa da hannunsa. Ni abin da ya tsaya mini shi ne shekarun da ya yi yana sane, yana aiko mini da kyauta, bai taɓa bari wani ya ji ba. Na yi hassadar gwanintarsa yana raye, yanzu kuma ga ni ina hassadar halinsa, kuma wannan ban san ranar da zan kamo shi ba. Gafarar da ya kamata in nema a inuwar tsamiya, ya tafi ban nema ba.

Ya Allah, ga bawanka Bawa ya zo gare ka. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Tumba da Hassi haƙurin rashinsa, ka tsare su, kada ka bar su su nema a wurin wanda zai ɓoye musu. Ni kuma, ka cire mini abin da ke cikin ƙirjina tun kafin a kai ni inda aka kai shi, ka haɗa ni da shi a inda zan iya ce masa ya yafe mini. Amin.