Kifi a Wutar Audi

Duk wanda ya taɓa cin Maulidi a filin birnin Madani ya san Audi mai agashe, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Gajere ne mai tumbi, da ɗan gemu tsit, kuma Allah ya hore masa baki. Sunansa na yanka Abdussalami, amma ban da ranar ɗaurin aurensa ba wanda ya taɓa jin an kira shi haka. Kowace shekara sai ya kwaso tsinkunansa da buhun gawayi daga ƙauyensu na bakin kogi, kusa da Wad Haddad, ya hura wuta a kusurwar da ke kallon masu alawa, inda duk mai shiga fili sai hayaƙinsa ya yi masa maraba. Babu mai sana'ar da bai haɗiye wa wurin nan yawu ba.

Agashe dai tsire ne, sai dai kada ka kuskura ka faɗi haka gaban Audi. Naman yake yankawa falle-falle har ka hango rana ta cikinsa, ya soke a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli da yajin da matarsa Mero ke dakawa, sannan ya kakkafa tsinkunan a toka kewaye da garwashi. Wuta ba ta taɓa nama, hucinta ne ke gasa shi. Hannu na juyi baki na zuba, rabi Hausa rabi Larabci. In ka zo masa da fuska a murtuke sai ya ƙara maka barkono, wai gara ka sami dalili. In masu zikiri suka ratso da ganguna, sai ya bi su da rawa, tsinke a kowane hannu, Mero na bayansa kan ƙwaryar godo-godonta, wato furar gero da nono, tana kururuwar nama zai ƙone. Bai taɓa ƙonewa ba kuwa.

Amininsa shi ne Bilyaminu masunci, kuma wanda bai sani ba sai ya rantse gaba suke yi. Mahauci da masunci abokan wasa ne tun kafin kakanninsu su baro Sakkwato su yo gabas. An zubar da abubuwa da yawa a hanya, amma wannan an iso da shi lafiya lau.

Da Audi ya hango shi sai ya toshe hanci. "Matsa can, Ƙarni, kar ka sa mini nama warin tarwaɗa!"

Bilyaminu zai ɗauki tsinke ya jujjuya. "Kai Sarkin Ƙudaje, wanga jakin yaushe ya mutu?"

Sai ya cinye, ya miƙa hannu ga na biyu. Haka suka yi tun gashinsu na baƙi har ya yi fari. Audi kuwa ya sha rantsewa a bainar jama'a cewa muddin yana numfashi, kifi ba zai hau wutarsa ba.

Cikin azumi Audi ya kwanta ɗan ciwon da kowa ya raina, kafin salla sai ga shi an kai shi makwancinsa. Bilyaminu ya ji mutuwar nan har cikin ƙashinsa. Ya rame, ya yi shiru, sai ya fita da kwalekwale ya dawo bai jefa taru ba.

Da watan Maulidi ya gabato, Mero ta fita takaba, ta aika a kira shi. Dokar filin kowa ya san ta: ranar da aka ɗaga tutar buɗe Maulidi, duk wurin da ba a ga wuta ba, lajna, wato dattawan da ke rabon wurare, sai su ba wani, kuma ya tafi ke nan. Ɗansu Tahir, wanda ya gaji hannun uban, yana can arewa wajen haƙar zinariya, ya yi waya cewa ba shi da halin zuwa sai baɗi.

"Malam Bilya, in wurin nan ya fita, yaron nan ba abin da zai dawo ya tarar," in ji ta. "Mahautan da na sani kowa kansa yake so wa. Ba na ba kura ajiyar nama."

"To ni mi na sani ga nama ban da ci?"

"Ai ka daɗe kana kallo."

Ashe kallo daban, yi daban. Bilyaminu ya sayo cinyar saniya, ya ɗauki wuƙar Audi ya zauna a tsakar gidan Mero. Hannun da ya saba da tsokar kifi mai laushi ya haɗu da jijiya, nama ya riƙa fitowa gunduwa-gunduwa. Ya gasa haka nan ya miƙa mata. Mero ta tauna, ta tauna, ta sake taunawa, tana kallon ƙasa saboda kunya.

"Malam Bilya, tsakani da Allah, takalmin marigayi ya fi wanga taushi."

Ya sake gwadawa washegari, waje ya ƙone ciki na jini. Kyanwar gidan ma ta shinshina ta yi gaba abinta. Kai, abin ya dame shi! Ga tuta ana shirin ɗagawa, ga shi ya tabbata ko shekara zai yi ba zai zama mahauci ba. Ya tashi ya tafi bakin kogi, ya daɗe yana kallon ruwa, sai ga shi ya dawo da sauri har yana tuntuɓe.

"Mero, giwan ruwa zan gasa. Shi na iya yankawa ko idona rufe. Ke dai daka mini yaji."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Kifi a wutar baban Tahir? Ka manta rantsuwar da ya yi?"

"Ban manta ba. Wa ya aike shi ya tafi ya bar ni da wuta? In abin ya yi mishi zafi, ya taso ya hana."

Mero ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya ta kufce mata, irin wadda ba a ji a gidan ba tun azumi. Ta yi har ta share ido da bakin mayafi, sannan ta shiga ɗaki ta jawo turmi.

Ranar ɗaga tuta, bayan la'asar, fili ya cika maƙil. Tutoci kore da ja na kaɗawa, ganguna na tashi ta kowace rumfa, masu alawa sun jera kayansu kala-kala. Raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta sauke Bilyaminu da Mero a kusurwar Audi. Ya tara toka, ya hura gawayi, ya kakkafa tsinkuna yadda ya ga ana yi. Da mahautan da ke kusa suka leƙo suka ga farar tsoka, sai ihu. Wani ya ce a kawo masa taru ya rataya, wani ya ce a yi hattara kar kada ya biyo shi. Bilyaminu ya mayar wa kowa da daidai da shi, don a wannan fagen ya sha horo.

Wani mahauci mai suna Ɗayyabu, wanda ya daɗe yana harin wurin, shi bai tsaya wasa ba. Ya je ya taho da shugaban lajna, Ustaz Ahmad, dogo mai farin rawani.

"Ka gani da idonka," in ji Ɗayyabu. "Wurin agashe ne, an maishe shi kasuwar kifi. Ai wuri ya faɗi."

Ustaz Ahmad ya dubi wutar, ya dubi Bilyaminu. "Ya hajji, wannan mene ne?"

Bilyaminu ya duƙa gaban wutar. Sai kawai ya zare tsinken da ya fi yin ja, ya matsa masa lemon tsami, ya miƙa da hannu biyu. Ustaz ya ɗan gutsura. Kafin ya haɗiye, iska ta riga ta kai ƙamshin yajin cikin fili, tsofaffin masu sayen agashen Audi suka fara ɓullowa ta ko'ina suna bin hanci. Wata tsohuwa da ke zuwa daga garin Dinder duk shekara ta ture mutane ta ce ita a ba ta, ko kwaɗo ne aka sa wa yajin nan za ta ci. Ustaz ya gama da tsinken, ya tsotse yatsa, ya karɓi wani.

"Wuta ta ci a kan lokaci, yaji na gidan ne," ya ce. "Wuri na ɗan Audi ne. Halas, magana ta ƙare."

Ɗayyabu ya yi tsaki ya wuce. Jama'a suka yi caa a kan wutar, hannuwa ta ko'ina. Daɗi ya kama Bilyaminu har ya manta kansa. Yau ga ranar da ya yi shekaru yana jira, ga kifi a wutar Sarkin Ƙudaje, ga mutanen Madani na rububi! Ya juya da sauri, baki cike da magana, don ya ga yadda fuskar mutumin za ta yi.

Buhun gawayi kawai ya gani jingine da bango.

Ya tsaya da tsinke a hannu. Maganar ta riga ta zo, sai ya sake ta da ƙarfi: "Audi, ka ga kifi ya ci ka da yaƙi a gidanka!" Hawaye suka zubo masa shar, gaban kowa, bai ko ɓoye ba.

Mero ba ta ɗago daga ƙwaryarta ba, tana ta damu, nata idon ma ya cika.

"Kai Ƙarni," ta ce, "juya kifinka, yana ƙonewa."